Sawun Ɓaunar Banne

Ranar Laraba da safe, ana gobe gwanjo, aka tarar babu Bulan a turkensa.

Bulan bajimin ɓauna ne mai dabbare-dabbaren fari da baƙi, irin wanda ba a ɗaura wa garma, ba a duka, sai wanka da sabulu da ɗanyen ƙwai kowace safiya. A ƙauyenmu na Buntu Asa akwai tsofaffin da ba su samun rabin wannan gata, ni ma ina cikinsu. Gida huɗu ne suka mallake shi, kowane gida ƙafa ɗaya, duk huɗun kuma sun ba da shi don jana'izar Banne.

Shekarar Banne tara. Sankarar jini ce ta kama ta. Uwarta ta yi ta jigila da ita zuwa asibitin birni, awa takwas a mota, har ranar da likita ya ce su koma gida, babu sauran abin yi. A gida kuwa babu allurar kashe zafi, babu mai jinya. Mako uku duk ƙauyen yana jin kukan yarinyar, kowa yana rufe tagarsa.

Wata biyar ke nan gawarta tana naɗe a ɗakin kudu na babban gidansu. Ba ma cewa ta mutu. Mai ciwo ce, ana kai mata abinci ana gaishe ta, har ranar da ɓauna za ta faɗi dominta, ta hau ta tafi Puya wurin magabata.

A nan in ka haihu sunanka ya ɓace. Uwar yarinyar ta zama Indo Banne, kakanta na wajen uba ya zama Ne Banne. Indo Banne ce ta miƙe a harabar coci ta ce ba za a yanka Bulan ba. Gwanjonsa za a yi ranar jana'iza, a rufa gidan da muke ginawa da sunan 'yarta: gado shida, mai jinya ɗaya, da maganin zafi, don yaran da likita ya sallama su samu inda za su ƙarasa kwanakinsu kusa da iyayensu. Mata sun sayar da kofi da naman da aka gasa cikin gora. Maza sun fasa duwatsu. 'Yan ƙauyen da ke ci-rani sun aiko da siminti. Bango ya tashi, rufi ne babu, ga damina ta kawo kai.

Ni suka sa shugaban aikin, don na yi shekara talatin ina koyarwa kuma na iya rubuta wa hukuma wasiƙa ba tare da zagi ba, aƙalla a shafin farko.

*

Kafin in isa turken, ƙauyen ya riga ya kama ɓarawo. Ba ma ɓata lokaci a irin wannan, muddin akwai baƙo a kusa.

Daeng Mattola ɗan kasuwa ne, ɗan ƙabilar Bugis, da ke sayen dabbobi. Tun jiya ya ajiye babbar motarsa a bakin titi yana jiran gwanjo. Na same shi zaune a kan tayar da aka sace wa iska, hularsa a hannu, maza sun kewaye shi, dagaci yana ɗaga muryarsa.

"Sawun ya zo har bakin motarka ya tsaya," in ji dagaci. "Tashi ya yi sama?"

"Ranka ya daɗe, ga motar a buɗe," in ji Daeng. "Sai dai in a aljihu na sa shi."

"Kun ji rashin kunya? Yaranka sun kwashe shi a wata motar!"

Wani ya ɗauki dutse. Sai ga Indo Banne ta ratso, zaninta ɗaure a ƙugu, ta tsaya tsakanin Daeng da mai dutsen.

"Ajiye, Yaya. In kana da ƙarfin ɗaukar dutse, ga gini can yana jira." Ta juyo gare ni. "Malam, aika a kira surukinka."

Kombong ƙanin matata ne, marigayiya Manik. Tsohon maharbin aladun daji ne, gajere, mai gwame. Shekararsa sittin ana kiransa da sunansa na yanka, don bai taɓa haihuwa ba. Ba ya iya karanta sunansa a takarda, amma ƙasa yana karanta ta fiye da yadda nake karanta littattafaina, kuma bai taɓa barin in manta ba.

Ya iso yana zuƙar taba mai ƙamshin kanumfari, ya dubi wurin da ƙafa ɗari ta tattake, ya dube ni.

"Mijin Yaya, naka baƙin yana nan?"

"Yana nan."

"Na sani. Ko ɓarawo yana da ido."

Ina da ɗan baƙin ɓauna, Lotong, ba kyau ba girma. Manik ce ta tilasta mini sayensa, wai kada a ce malamin makaranta ya tafi Puya a ƙasa.

*

A turken Kombong ya tsuguna ya ɗauki ragowar igiyar.

"Ba yanka aka yi ba, kwancewa aka yi. Bulan kuma bai ja baya ba, bai yi turjiya ba. Ya san hannun."

Ya nuna wani sawun takalmin roba mai faci a dunduniyar hagu. Duk ƙauyen ya san takalmin: na Pong Upa ne, ƙanin Indo Banne, wanda ya fi son zakarun faɗa da 'ya'yansa.

Mun same shi a bayan gidansa yana shafa wuyan wani jan zakara.

"Pong Upa, me ya kai ka turken Bulan da asuba?"

"Ni? Kawu Kombong, barci nake yi."

"To takalminka ya fita yawo ba ka sani ba."

Ya dube mu, ya dubi zakaran. Kombong ya sa ƙafa ya ture wata ƙwarya da ke kife. Ɓawon ƙwai ne a ƙarƙashinta, ya fi na kwana goma.

"Ƙwan Bulan ne," in ji Pong Upa a hankali. "Biyu kawai nake ɗauka. Wannan yana da faɗa ranar Asabar, yana bukatar ƙarfi. Don Allah kada Yaya ta ji, za ta fasa mini kai."

"Da ka je yau, Bulan yana nan?"

"Babu shi. Ƙwan dai yana nan a kwano, shi ya sa na ɗauki duka huɗun."

Na ce masa a tarihin laifuffukan da na karanta ban taɓa ganin mai ƙaramar zuciya kamarsa ba. Ya yi godiya.

*

Muka biya ta babban gida. Ne Banne yana hawa tsani da faranti a hannu, shinkafa da ɗan kifi da shayi mai madara. Shekararsa ta haura tamanin, doguwar sandar mutum, daga cikin 'yan kaɗan da ba su bar addinin kakanni ba. Shi ya reni Bulan tun yana ɗan maraƙi, kuma ƙafa ɗaya tasa ce.

"Baba, an tashi lafiya?" in ji Kombong.

"Lafiya. Ku yi magana a hankali, mai ciwo ba ta karya ba."

"Ka ji abin da ya faru?"

"Na ji. Abin da aka hana yarinya, ai ba zai zauna ba."

"Ka ga wani da asuba?"

"Idona ya tsufa." Ya ɗaga kai ya dubi sama. "Rana ta kai ina, Kombong?"

"Da saura kafin ta take tsaka."

Ya gyaɗa kai ya shige ɗakin kudu. Muka ji shi yana cewa, "Tashi ki ci, uwata, yau da kifi."

*

Muka koma bakin titi. Kombong bai ko dubi motar ba. Ya tsallaka kwalta, ya bi bakin magudanar ruwan gonakin shinkafa yana tafe a hankali, har inda ciyawa ta kwanta.

"Da an hau da shi mota, da an ga inda aka kafa katako. Titi kawai ya tsallaka ya shiga ruwa. Ga inda ya fito."

Sawun kofato ne manya, da na mutum ɗaya mara takalmi a gefen hagu. Rabin ƙauyen ba sa sa takalmi, don haka wannan bai gaya mana komai ba. Sawun ya nufi kudu, ya hau tudun da ke cike da itatuwan kofi.

Ina haki ina binsa. A hanyar nan aka bi da Manik shekara bakwai da suka wuce. Wata goma tana kwance, ba wanda ya kawo ko ƙwayar magani daga cikin dangi. Ranar jana'izarta ɓauna shida suka faɗi, aka ci nama kwana uku, kowa yana cewa an yi mata gata. Tun daga ranar nake gaisawa da mutane da baki kawai.

Kombong ya tsaya cak.

"Malam mai littafi, karanta mini nan."

"Sawu ne."

"Madalla da ilimi. Ina hanya take?"

"Ga ta miƙe."

"Ina sawun ya bi?"

Na duba. Sawun ya bar hanya mai kyau, ya zagaya ta cikin laka, ya dawo kan hanyar bayan taku goma. Babu rami a wurin, babu dutse. Reshen wata bishiya ne kawai ya gitta ta sama.

"Ɓauna za ta wuce ƙarƙashin reshen nan?" in ji shi.

"Sarai."

"Mutum fa?"

"Ko ni ba sai na sunkuya sosai ba."

Muka ci gaba. Sau uku sawun yana kauce wa reshe. A wuri na huɗu babu hanyar kaucewa, sai muka ga an lanƙwasa reshen an soke shi a bayan wani, an buɗe sarari a saman bayan ɓauna. A gangaren da ke gaba kuma sawun mutumin ya juya ya fuskanci haƙarƙarin Bulan, yana tafe a kaikaice, yatsu ne kawai suka nutse, dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba.

"Ɗage yake yi, hannunsa a sama," in ji Kombong. "Haka ake tafiya in an ɗora yaro a baya ana riƙe da shi."

"Ba yaron da ya ɓata a ƙauyen."

"Babu. Kuma dubi kofaton. Bai nutse fiye da na turke ba ko da ƙwayar shinkafa, ba nauyin kowa a bayansa." Ya tofar da guntun tabarsa. "Ban haihu ba, Mijin Yaya, shi ya sa na fi kowa kallon masu 'ya'ya."

Duk mun tuna wanda yake ɗora Banne a bayan Bulan kowace yamma, bayan ƙafafunta sun daina ɗaukarta.

A tsohon filin yanka, inda dogayen duwatsun magabata suke tsaye, muka sami Bulan ɗaure a jikin dutse, an yi masa wanka, an zuba masa sabuwar ciyawa. Kombong ya zira hannu ƙarƙashin wani dutse ya jawo doguwar adda naɗe a jan ƙyalle. Ya taɓa bakinta da babban yatsa.

"Wasawar jiya ce."

"Me ya hana shi yankawa tun da asuba?"

"Kai ne fa mai karatun. Ana yanka wa mamaci rana tana hawa?"

Ba a yi. Sai ta karkata yamma. Na ɗaga kai na dubi inuwata, ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafata.

"Mu kwance shi mu tafi," na ce.

"A'a. Wanda ya kawo shi, shi zai mai da shi."

*

A cikin ginin da ba rufi Kombong ya sa aka taru. Rana tana dukan kowa a ka, abin da ya dace da mutanen da suka ɓatar da rufi. Daeng Mattola yana tsaye tsakanin samari biyu. Pong Upa ya laɓe a bayan buhunan siminti. Dagaci ya sa an kawo masa kujera. Ne Banne ya zauna a bakin ƙofa, sandarsa tsakanin gwiwoyi, idonsa a kan inuwar bango.

"Ku saki Daeng," in ji Kombong. "Ku kuma hura masa tayarsa, da baki in ya kama."

"A kan wane dalili?" in ji dagaci.

"Ranka ya daɗe, ɓarawo ba ya yi wa abin sata wanka. Pong Upa ma ba shi ba ne. Nasa laifin ya fi ƙarfin dagaci, na Yayarsa ne."

Ya warware jan ƙyallen ya ajiye addar a ƙasa. Ya faɗi abin da muka gani, reshe bayan reshe, ya kwaikwayi tafiyar, a kaikaice, a ɗage, hannun dama a sama. Wata mata ta toshe bakinta. Ba sai ya ambaci suna ba.

Ne Banne ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Ni ne. Ba kuma sata na yi ba, ƙafa ɗaya tawa ce."

"Baba, sauran ukun fa?" in ji dagaci.

"Su biyo tawa." Ya juya ga surukarsa. "Kun ce a binne ta gobe ba ɓauna. Yarinyar da wata huɗu ba ta iya zuwa bakin ƙofa da ƙafarta ba, ita za ku tura Puya a ƙasa? Ku masu coci kuna da taku hanyar, ban hana ku ba. Ni wadda na sani mai duwatsu ce, da koguna. Wa zai goya ta? In rana ta karkata zan yanka shi, in kun ɗauke addar zan sa haƙori."

Indo Banne ta matso har gabansa. Ba ta durƙusa ba, kuma kowa ya lura.

"Baba, ni na goya ta. Awa takwas zuwa, awa takwas dawowa, sau goma sha ɗaya. Da take kuka a ɗaki kowa ya ji, ba wanda yake da abin ba ta. Yanzu haka akwai yaro a ƙauyen Kampung Bawa, da yarinya a hayin kogi, likita ya sallame su. Ba zan zauna a ci naman Bulan kwana biyu a goge baki, su kuma su yi irin kukan 'yata ba. A kira ni mara kunya, a ce na kunyata gidanku. Bulan rufi ne."

"Jikata ba za ta tafi a ƙasa ba."

"Ba za a yanka Bulan ba."

Suka tsaya suna kallon juna. Dagaci ya fara wani dogon bayani a kan kafa kwamiti. Na san kwamiti, na zauna a guda tara, ba wanda ya taɓa rufa ko akurki.

"Ne Banne," na ce, "ɗauki Lotong."

Ya juyo a hankali. "Wannan baƙin naka? Jikata a kan wannan?"

"Ba bikin nuna kyau za ta ba. Ba ya gudu, ba ya tsoron ruwa, bayansa shimfiɗaɗɗe ne. Bulan kuwa da kai da Banne kun sangarta shi, in ya isa kogin farko zai tsaya jiran ƙwai."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Tsohon bai yi ba.

"Kai fa? Da me za ka tafi?"

"Manik ta tafi da shida. In tana nemana ta turo ɗaya. In kuma har yanzu tana fushi, shekara talatin na yi ina zuwa makaranta a ƙasa."

Ya dubi Indo Banne. Ta ɗaga kafaɗa.

"Dabbar Malam ce, ba ruwana. Ni tawa maganar ɗaya ce."

Ne Banne ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki addar ya naɗe ta. "Zan je in taho da Bulan. Kada kowa ya biyo ni, jikata ba ta son hayaniya."

*

Washegari aka yi gwanjo. Daeng Mattola ya fi kowa tayi, ya kuma ce a gaban jama'a shi zai ɗauko kwanon rufin a motarsa, muddin samarin da suka sace masa iska su ne za su sauke. Pong Upa ya zo da ƙullutu a goshi, ya ce ƙofa ce ta buge shi.

Da rana ta karkata, Ne Banne ya zo gidana ya kwance Lotong da kansa. Aka bi hanyar kudu, gawa a gaba a kafaɗun maza, masu waƙar coci a baya, shi kuma a gefen hagun ɓaunar, hannunsa na dama a sama yana riƙe da abin da ba ma gani. Da muka isa reshen farko ya kauce ya shiga laka.

Indo Banne tana bayansa. Ta dubi reshen, ta dubi hanya mai kyau da ke miƙe a gabanta. Sai ta tattare zaninta ta shiga lakar. Duk ƙauyen ya bi ta, har dagaci da sabon takalminsa.

Kombong ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Mijin Yaya, Yaya ba za ta turo maka komai ba. Na san ta."

"Na fi ka saninta," na ce. "Ka dai duba inda kake takawa."